Ranka ya daɗe Edita, a riƙa kallon fim da kunne ma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ara mini fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai game da shafinku na sharhin finafinai. Ni dai mai karatu ne na kullum, shafin nan ba ya wuce ni, to amma duk ranar da na gama karanta sharhin wani fim sai in ji kamar an ba ni rabi an riƙe rabi. Kullum abu ɗaya ake yi, a kwashe labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe (har da inda bai kamata a faɗa ba, a ɓata wa wanda bai kalla ba), a ce jarumi wane ya yi ƙoƙari, jaruma wance ta iya kuka, a kawo darasin da ke ciki, shikenan an rufe. Ba wanda zai ce maka uffan kan inda aka dasa kyamara, ko me ya sa aka tsayar da wannan a bakin ƙofa aka zaunar da wancan a ƙasa, balle a zo maganar sauti, shi kam sai ka rantse da kunne a toshe ake kallon.

Ban ce labari ba komai ba ne fa. Amma ai labarin kowane fim, komai tsawonsa, abokinka zai kwashe maka shi cikin minti biyar kuna tafe a hanya, kuma ba za ka yi hawaye ba, gabanka ba zai faɗi ba, tsigar jikinka ba za ta tashi ba. To me ya sa in ka zauna ka kalla da kanka sai duk waɗannan su same ka, alhali ma ka riga ka san ƙarshen? Wancan abin da abokinka ya kasa kawo maka da baki, shi ne fim ɗin, da hoto da sauti ake ƙera shi, kuma shi ne masu sharhinmu suke tsallakewa kamar sun ga rami.

Ni ba darakta ba ne, ban taɓa taka makarantar fim ba, abin da ya buɗe mini ido wata 'yar kunya ce da muka sha ni da wani abokina shekarun baya. Mun ɗauki wani ɗan gajeren fim da waya, na sha'awa kawai, bai fi minti bakwai ba, a ciki akwai wani sin da wata mata take zaune a bakin gado aka kira ta aka gaya mata ɗan'uwanta ya rasu. Yarinyar da ta fito a matar ta yi iya yinta wallahi, ba ta yi ihu ba ba ta yi birgima ba, ta dai sauke wayar a hankali ta ɗora a cinya ta ƙura wa bango ido. Da muka zo editin sai muka ce ai nan wajen tausayi ne, muka nemo wani kiɗan fiyano mai sanyi muka zuba tun daga lokacin da wayar ta fara ƙara har ƙarshen sin ɗin. Muka tara mutum kamar goma muka kunna musu, muna gefe muna jiran a fara share hawaye. Ranka ya daɗe, tun kafin matar ta ɗaga wayar sai wani daga baya ya ce "to, wani ya mutu", aka kwashe da dariya, sin ɗin da muke taƙama da shi shi ma a nan ya cika. Kiɗan ya riga mai kiran wayar isar da saƙon.

Daren nan ban kwanta da wuri ba. Na koma kan kwamfuta na cire kiɗan gaba ɗaya don haushi, sai na fara jin abubuwan da ashe suna nan a ƙasa mu muka binne su, fankar sama tana juyawa tana wani ɗan ƙit, ƙit, duk zagaye ɗaya, can waje yara na wasa suna ƙyalƙyala dariya, muryar mai kiran siririya a cikin wayar ba ka ma gane me yake cewa, sai numfashinta da ya ɗauke ya dawo. Abin da na yi kawai na ɗan ƙara wa fankar ƙarfi daidai sanda ta sauke wayar, na bar dariyar yaran ta ci gaba abinta. Da na sake nuna wa mutum uku daga cikin waɗancan, ko tari ba wanda ya yi, ɗaya ma ta ce mini abin da ya fi tsaya mata a rai yaran nan ne, wai duniya ba ta ma san an yi mutuwa ba. Hoton nan dai shi ne, 'yar wasan ita ce, ko sakan ɗaya ban ƙara ba ban rage ba.

Daga baya da na shiga karance-karance na gano ashe abin da muka yi tuntuɓe da shi an san irinsa tun shekara ɗari da suka wuce. Wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov, wajajen 1920, tun fim bai fara magana ba, ya ɗauko hoton fuskar wani ɗan wasa, Ivan Mosjoukine, fuska ce kawai ba fara'a ba fushi, sai ya riƙa haɗa ta da wasu hotunan, a nan fuskar sai kwanon miya, a can fuskar sai gawar mace a cikin akwati, a can kuma fuskar sai wata yarinya tana wasa. A yadda abokin aikinsa Pudovkin ya ba da labari, 'yan kallo suka dinga yabon ɗan wasan, wai dubi yadda ya nutsu kan miyar nan, dubi baƙin cikinsa a kan gawar, dubi yadda fuskarsa ta saki da ya ga yarinyar, alhali hoto ɗaya ne tak aka maimaita sau uku. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a fim fuska ita kaɗai ba ta da amsa, sai ka tambayi abin da aka ajiye kusa da ita. Shi ya sa in na ga an rubuta "jaruma wance ta iya nuna baƙin ciki" sai in ce a raina, anya ita ce kuwa, ko mai editin ne da mai haske suka yi mata rabin aikin ba a ko ambaci sunansu ba?

Ido da kunne ma haka suke yi wa juna shisshigi. A 1976 wasu masu bincike a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka ɗora muryar mutum yana cewa "ba" a kan hoton leɓe yana cewa "ga", sai mutane da yawa suka ce su "da" suka ji, ka rufe ido ka ji "ba" tar, ka buɗe ta koma "da". Kenan ƙwaƙwalwa ba ta karɓar hoto daban sauti daban, cakuɗa su take yi ta miƙo maka abu ɗaya kuma ba ta gaya maka ta cakuɗa. Ana cewa gani ya kori ji, a fim kam sau da yawa jin ne yake jan ganin da igiya. Kuma ka lura, ido gaba kawai yake gani kuma yana da murfi, in abin tsoro ya zo ka runtse, kunne kuwa ba shi da murfi kuma yana jin har abin da ke bayanka.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a manyan finafinai mafi yawan abin da kake ji ba a wajen shutin aka ɗauke shi ba. Makirufon nan mai doguwar sanda da ake ratayawa saman kan 'yan wasa, magana kawai yake farauta, ita ma maganar wani lokacin sai an koma situdiyo an sake ta. Takun ƙafa, motsin riga, ajiye kofi a tebur, ƙarar ƙofa, duk daga baya wasu mutane suke tsayawa gaban allo suna kallon hoton suna yin su da hannu da ƙafa. Sana'ar ma sunan wani mutum ta ci, Jack Foley, wanda ya yi aiki a kamfanin Universal tun farkon shigowar sauti cikin fim, bayan 1927. Su ne masu buga ɓawon kwakwa biyu a ƙasa ka ji kofaton doki. A fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock na 1960, ƙarar wuƙa tana shiga jikin wata mata da ake kashewa a banɗaki wani ɗan itace ne dangin kankana aka dinga caka wa wuƙa, kuma in ka tsaya ka duba da kyau kusan ba ka ma ga wuƙar ta huda jiki ba, yanke-yanken hoto ne da ƙara da kukan gogen Turawa suka haɗu suka sa ka rantse ka gani. Abin da nake son a gane a nan, tunda duk ƙarar da ka ji wani ne ya zauna ya zaɓe ta, to ba wadda ta shigo a banza. Ƙofa ɗaya ana iya rufe ta hanya ashirin, akwai rufewar fushi, akwai ta ɓarawo, akwai ta wanda ya san ba zai dawo ba, kuma mai kallo yana gane kowacce ba tare da ya san ya gane ba.

Bari in tsaya a kan sin guda ɗaya da na fi kallo a rayuwata, na cikin The Godfather na 1972. Michael, ƙaramin ɗan gidan, wanda duk ya nesanta kansa da harkar ta'asar ubansa, an kai shi wani ɗan gidan cin abinci zai zauna sulhu da mutumin da ya sa aka harbi uban, da wani babban ɗan sanda da yake ba mutumin kariya. An riga an ɓoye masa bindiga a banɗaki. Wurin shiru, mutane kaɗan, kana jin cokali, kana jin yadda ma'aikacin wurin yake buɗe kwalba a hankali kamar ba zai gama ba, su duka suna jiransa. Sai mutumin ya juya harshe ya koma Italiyanci, kuma da gangan ba a rubuta fassara a ƙasa ba, don ba a so ka bi magana, ana so ka bi fuskar Michael. Ya nemi izini ya shiga banɗaki ya ɗauko bindigar ya dawo ya zauna, an ce masa yana fitowa ya yi harbi amma bai yi ba, ya zauna. Mutumin yana ta magana, kyamara tana matsowa kusa da fuskar Michael a hankali, idonsa yana yawo, sai ka fara jin ƙugin jirgin ƙasa, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, ƙarfe na gugar ƙarfe yana wani irin ƙara mai tsinka kai har ya danne maganar mutumin, sai Michael ya miƙe ya yi harbi. Jirgin nan ba a nuna shi ba ko sau ɗaya. Walter Murch, wanda ya yi aikin sautin, shi ya sa shi, kuma abin da ya sa ya zauna daidai, unguwa ce irin wadda jirgin ƙasa mai bi ta kan gada a saman titi yake ratsawa a birnin New York, don haka kunnenka ya yarda da shi a matsayin ƙarar waje, amma a gaskiya ƙarar cikin kan yaron nan kake ji, yaron da ya san in ya ɗaga hannun nan ya daina zama mutumin da yake a da. Kiɗa kuwa bai shigo ba sai da ya yar da bindigar ya kama hanyar fita. Yanzu don Allah a ce mai sharhi ya rubuta "Michael ya kashe su biyun ya gudu", ƙarya ya yi? Bai yi ƙarya ba, amma me ya faɗa?

Wannan ya kawo ni kan babban ƙorafina da masu shirya fim su kansu, wato kiɗan nan da ake kwararawa tun daga bismillah har tammat. Ana gaisuwa kiɗa, ana cin abinci kiɗa, mota ta taho kiɗa, mugu ya shigo sai wani dum-dum-dum, mai ban dariya ya shigo sai wani ƙiriri kamar an taka wutsiyar kyanwa, to wai ku kuna ganin mu ba za mu gane mugu ba sai an buga mana ganga? Ni a ganina tsoro ne, tsoron shiru, kamar mai masaukin da yake jin in ya yi shiru minti ɗaya baƙo zai ce bai iya karɓar baƙi ba. Kuma illar ita ce in kiɗa yana ko'ina to ba ya ko'ina, kunne ya saba ya watsar da shi, ranar da ka zo wajen da kake buƙatarsa da gaske ka riga ka cinye jarinka.

A dubi yadda aka yi da kiɗa a Jaws na 1975. Ƙaton kifin nan mai cin mutane da ake cewa shak, na roba da inji aka ƙera, kuma injin ya dinga lalacewa a cikin ruwan teku, dole ta sa daraktan, Steven Spielberg, ya riƙa ɓoye shi, sai mai kiɗan fim ɗin, John Williams, ya kawo wani kiɗa mai sauti biyu kacal suna bin juna suna ƙara sauri, aka koya wa mai kallo cewa duk sanda ya ji wannan to kifin yana nan ko bai gan shi ba. Wayon da ya fi burge ni, akwai inda wasu yara suka yi wasan banza da fiffiken kifi na ƙarya suka tsorata mutane a bakin ruwa, kowa yana gudu yana ihu, amma kiɗan nan bai tashi ba, don fim ɗin bai yarda ya yi wa kunnenka ƙarya ba. Sai da ka gama sakin jiki ka yarda cewa in ba kiɗa ba kifi, can gaba mutum yana tsaye a jirgin ruwa yana watsa nama a teku yana mita, kawai sai ga kan kifin ya ɓullo ba kiɗa ba sallama. Alƙawari aka yi da kunnenka aka riƙe shi fiye da awa guda don a karya shi sau ɗaya. Wanda yake zuba kiɗa a kowane sin ba zai taɓa iya wannan ba.

Shirun ma aiki ne, ba wai a kashe sauti ba ne. Masu aikin sauti bayan an gama shutin a ɗaki sukan ce kowa ya tsaya cak, a ɗauki shirun ɗakin na kamar minti ɗaya, don kowane ɗaki da irin shirunsa, na asibiti daban, na ɗakin da ba kaya daban, na cikin mota daban. In ba a ɗauka ba shi ne za ka ji wannan abin haushin, mutum ɗaya na magana ana jin shuuu a bayansa, aka juya kan ɗayan sai shuuun ya ɗauke ɗif, aka dawo ya dawo, sai ka ji kamar ba a ɗaki ɗaya suke ba, kuma da ma ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, amma ai aikinku ne kar mu sani.

To ɓangaren ido fa. Abin da na fi tsana shi ne a jera mutum biyu a doguwar kujera kamar masu jiran likita, a dasa kyamara a gabansu, wannan ya yi magana a nuna shi, wancan ya amsa a nuna shi, minti goma ana haka. Wannan ai wasan kwaikwayon rediyo ne aka sa wa hoto. Inda mutum ya tsaya magana ce. Wanda yake tsaye da wanda yake zaune ba ɗaya ba ne, wanda ya juya baya yana magana ya faɗi wani abu tun kafin ya buɗe baki, tazarar taku uku tsakanin mata da miji ta fi "ni fa na gaji da zaman nan" ƙarfi, tebur a tsakani ko gilashin taga ko labule duk shinge ne. Kyamara in ta kalli mutum daga ƙasa ta ƙara masa girma, in ta leƙo shi daga sama ta mai da shi abin tausayi, in ta bar shi ɗan mitsitsi a gefen hoto sauran duk bango, ba sai ya ce kaɗaici ya dame shi ba.

A Citizen Kane na 1941 akwai inda uwa take zaune a tebur tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta ga wani ma'aikacin banki ya tafi da shi ya rene shi. Uwar da mutumin bankin suna gaba kusa da kyamara, uban yana tsaye can gefe yana ƙorafin da ba mai saurara, sai can ƙurya ta cikin taga kana hango yaron ɗan ƙarami yana wasa a cikin ƙanƙara yana ihunsa, bai san ana yanke masa rayuwa ba. Daraktan, Orson Welles, da mai kyamararsa Gregg Toland suka yi dabarar da na kusa da na nesa duk suka fito tar a hoto ɗaya. Ka ga wa ke da iko, wa ba shi da ta cewa, wa ake ciniki a kansa, duk daga inda aka ajiye kowa. Haka ƙarshen The Godfather ɗin nan, matar Michael tana tsaye a waje tana hango maza suna sumbatar hannun mijinta, sai wani ya taho a hankali ya rufe ƙofa a fuskarta, auren nan ba sai an ƙara maka bayani ba.

Kuma kar wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Duk wanda ya kalli Sholay na Indiya na 1975 ya tuna yadda aka shigo da Gabbar, mugun fim ɗin, ƙafafunsa aka fara nunawa yana taku a kan duwatsu, kana jin takalmin, mutanensa sun yi tsuru-tsuru, ka tsorata da shi kafin ka ga fuskarsa. A fim ɗin dai akwai matar nan mai takaba da fararen kaya, da dare tana bi tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya a barandar sama, shi kuma Amitabh yana zaune can ƙasa yana busa ɗan abin busarsa na baki, ba wanda ya ce wa wani komai, akwai nisa akwai tsawo a tsakaninsu, amma ka san abin da ke ransu kuma ka san da wuya ya yiwu. Ko fim ɗin Timbuktu na Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya na 2014, inda masu bindiga suka hana ƙwallo, sai aka nuna samari a fili suna buga ƙwallo ba ƙwallon, suna gudu suna yanka suna bugun fanareti gola yana faɗuwa, iska kawai suke bugawa, masu bindigar suka zo wucewa a babur sai suka wayance kamar motsa jiki suke. Nawa aka kashe a wannan sin ɗin? Fili ne da yara da tunani. Don haka uzurin nan na "ba mu da kayan aiki" ni ban cika karɓarsa ba, na yarda makirufo mai kyau kuɗi ne, haske kuɗi ne, amma ka ce wa ɗan wasa tashi ka koma bakin taga ka juya mata baya, wannan kyauta ne, cire kiɗa ma kyauta ne.

Na kwanan nan da ya hana ni sukuni shi ne The Zone of Interest na 2023, kan iyalin kwamandan sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka hallaka mutane sama da miliyan ɗaya, galibinsu Yahudawa, a yaƙin duniya na biyu. Gidansu katanga ɗaya ce tsakaninsa da sansanin. Abin da ido yake gani lambu ne mai furanni, yara na wanka, uwa na nuna wa baƙuwa shuke-shukenta, ba a nuna maka kisa ko ɗaya ba, amma tun daga farko har ƙarshe ta bayan katangar nan kana jin wani gurnani da ba ya ɗaukewa, harbi jefi-jefi, ihu can nesa, karnuka, jirgin ƙasa, su kuwa mutanen gidan ko a jikinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, can tsakiyar fim ɗin na kama kaina ni ma na daina ji, kunnena ya saba kamar nasu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti a 2024. Wanda ya kalle shi da waya a cikin hayaniya ba abin kunne, zai ce maka fim ne na wasu mutane masu son lambu, ba abin da ya faru a ciki.

Na san za a ce mini ai mai karatu labari yake so da hirar jarumai, ba ruwansa da inda aka ajiye fitila. Ni ban yarda ba, mutumin nan da ya ce "to, wani ya mutu" a bayan ɗakinmu bai taɓa karanta littafin fim ba, amma ya karanta kiɗanmu cikin sakan biyu, mutane sun iya wannan yaren sarai, ba a dai taɓa zama an nuna musu sun iya ba ne. Roƙona ranka ya daɗe ba mai yawa ba ne. Duk mai rubuta muku sharhi, ya zaɓi sin ɗaya kawai a fim ɗin, ya kalle shi sau uku, sau ɗaya yadda yake, sau ɗaya ya kashe sauti ya ga ko zai gane wa ke sama da wa, wa ke ɓoye wani abu, sau ɗaya kuma ya rufe ido ya saurara ya ji me ya rage, sannan ya ba mu sakin layi ɗaya a kan abin da ya samu. Kuma in za a yaba, a riƙa ambaton sunan mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da mai editin, sunayensu suna nan a rubuce a ƙarshen fim ɗin, wajen da kowa yake tashi ya kashe. In kuma ba a samu mai yi ba, ni ga ni, in za ku karɓa zan riƙa aiko muku da sin ɗaya duk wata, ku gyara mini rubutun kawai don na san jimlolina suna da tsawo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu, mai kallo da abin kunne